Ƙofar Baba Ba Ta Tsayuwa a Buɗe

Asabar, 4 ga wata, ƙarfe shida na yamma

A bayan littafin awo nake wannan rubutu, don ba ni da wanda zan gaya wa. Shekara arba'in da ɗaya ina kafinta, ban taɓa rubuta wani abu a littafin nan ba sai tsawo da faɗi.

'Yata Auta ce ta ja ni. Ta samu hutun kwana biyu daga asibitin da take aikin jinya, ta ce wai kullum ina shago ina shaƙar garin katako, yau dole ta fita da ni in sha iska. Ban tambayi inda za mu ba, laifina ke nan. Sai da mota ta sha kwanar tsohuwar tashar jirgi na hango jan bulon. Jan Gida. Gidan da aka kashe Attajiri shekara hamsin da biyar da suka wuce, wanda yanzu aka mai da shi gidan tarihi, mutane na zuwa da ƙafarsu a ba su tsoro. Ta riga ta yanki tikiti biyu, tana ta murna. Me zan ce? Na ce to.

Mu goma sha huɗu ne. Mai yi mana jagora wani dogo ne da jan kwat, baki kamar an kunna rediyo an manta da shi. Aku na sa masa. Ya zaga da mu falo da ɗakin cin abinci da ɗakin girki, yana rage murya yana zare ido. Ni dai matakala nake kallo. Wanda ya yi ta ya san aikinsa, amma wani marar tsoron Allah ya shafe ta da fenti mai ƙyalli.

Sai ɗakin sama, na ƙarshen dogon baranda. Aku ya wangale ƙofar, ya ce kowa ya yi shiru, ya ɗauke hannunsa. Ta ɗan tsaya kamar mai tunani. Sannan ta taho a hankali, ba ƙara, ba jan ƙasa, ta shiga mazauninta, ƙit. Wata mata ta ƙanƙame mijinta. Aku ya ce tun ranar da aka yi kisan ƙofar nan ba ta sake yarda ta tsaya a buɗe ba, fatalwar mai gidan ce ke rufe ta don kada ya sake ganin fuskar kafintan da ya kashe shi.

Wallahi ban taɓa ganin ƙofa ta rufe da irin wannan natsuwa ba. Bayan shekara hamsin da biyar.

A bango akwai allo da hoto, an rubuta "Kafintan da ya kashe mai gidan." Auta ta zungure ni, ta ce ashe ɗan sana'armu ne, mu kafintoci sai a riƙa yin hankali da mu. Ta matsa kusa ta ce har kunnuwansa irin nawa. Na yi dariya. Na yi ta da yawa har ta juyo ta dube ni.

Kunnuwan Baba ne. 'Ya'yana sun san kakansu ya rasu ina yaro, iyakar abin da na taɓa gaya musu ke nan.

Lahadi, 5 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Wata uku ke nan Yaya tana ɗakin baya a gidana, tun da aka sallamo ta daga asibiti da takardar da ba ma yin maganarta. Yau ta sha romo cokali biyar. Uwargida ce ta ƙirga.

Ni ban gaya mata inda muka je ba. Auta ce ta shigo da labarin, har tana kwaikwayon Aku. Yaya na saurare idonta a rufe. Da aka zo kan ƙofa ta buɗe su, kuma ba Auta ta kalla ba.

Da zan fita ta faɗi abin da take faɗa kullum: "Ƙarami, ja min ƙofar nan. Ƙofofinka ba su da kunya."

Ina da shekara sittin da huɗu da jikoki bakwai, har yanzu Ƙarami. Kuma ƙofofina lafiyarsu ƙalau. Inda ka bar su nan suke tsayawa, haka Kawu ya koya min, haka duk wani kafintan kirki yake yi. A zaga unguwar nan a tambaya.

Litinin, 6 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na yanka katako biyu ba daidai ba. Ni.

Talata, 7 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na koma ni kaɗai. Na ce wa Uwargida zan duba wani aiki, kuma ba ƙarya na yi ba.

Na saka igiyar awo mai dalma a aljihu. Da Aku ya sauka ƙasa da mutanensa na tsaya a baya kamar mai ciwon gwiwa, na saki igiyar a gefen ƙofar daga hinjin sama zuwa na ƙasa, wato ƙarafan da ƙofar ke rataye a jikinsu. Ba su miƙe ba. Na sama ya fito waje da kaurin farce biyu, shi ya sa nauyin ƙofar ke jan ta zuwa rufewa. Kuma ba tsufa ba ne. Ƙofar da ta tsufa hancinta take ja a ƙasa, wannan kuwa tazararta da ƙasa daidai take daga farko har ƙarshe. Da gangan aka yi. Wani ya zauna ya yi lissafi, ya sa ta ta riƙa rufe kanta kamar mai ladabi. Na buɗe ta na saki, na ƙirga har ta rufe. Tara. Na sake, tara.

Sannan na je wurin akwatin gilashin da na ƙi kallo ranar Asabar. Shaidar ƙanen Attajiri ce a ciki, wanda ya gaji gidan daga baya. Ya ce yana tsaye a bakin matakala, ƙofar a wangale take, ya ga komai tun daga cacar baki har ƙarshe, tsoro ya hana shi matsowa. An tambaye shi ko wani na riƙe da ƙofar, ko an tokare ta da wani abu. Ya ce babu, haka nan take tsaye.

Kusa da ita akwai yankin jarida: "Kafinta yana yabon ƙofarsa har a gaban alƙali."

A sama kuma hoton da 'yan sanda suka ɗauka ranar da abin ya faru. Na daɗe ina kallonsa kafin in ga abin da nake gani. Daga gefe akwai ɗan sanda a tsaye, ya sa takalminsa ya tokare ƙofar don mai hoto ya samu ya ɗauka. Hoton nan ya shekara nawa a bango? Mutum nawa suka wuce ta gabansa?

Aku ya hawo ya same ni da igiya a hannu. Wai dattijo ba a taɓa kayan tarihi. Na ce shi da yake buɗe ta sau shida a rana, ya san abin da yake buɗewa? Ya ce fatalwa. Na ce fatalwar tana da sukundireba ke nan. Ya raka ni har bakin titi, cikin ladabi dai, ba zan yi masa ƙarya ba.

Laraba, 8 ga wata, bayan ƙarfe biyu

Na zauna a bakin gadon Yaya na gaya mata duk abin da na auna. Na yi ta bayani, kaurin farce, ƙirgen tara, takalmin ɗan sanda. Ta bari na gama tas, sannan ta ce sannu da ƙoƙari, ita tun tana 'yar shekara sha biyar ta sani.

Tana kotun ranar. Ta ce Baba ya miƙe ya ce, "Ƙofata ba ta tsayuwa a buɗe." Ya faɗa sau uku. Aka kwashe da dariya, har lauyan da aka ba shi ya ja masa riga. Gudumarsa aka samu a ɗakin, to ina za ta kasance, shi da yake tsakiyar gyaran tagogin gidan? An kuma ji sun yi sa-in-sa da mai gidan kwana biyu kafin nan. Baba akwai zuciya, wannan kam gado muka yi. Babu wanda ya taka ya je ya buɗe ƙofar ya saki ya gani.

Ta ce Attajirin ne da kansa ya nemi ƙofa mai rufe kanta, don ba ya son a riƙa leƙa shi. Ta ce Baba siririn katako yake sakawa a ƙarƙashin hinjin sama, kuma bai taɓa sakawa ba sai ya rubuta kwanan wata a jiki da fensir, da ɗan abin da ya faru a gida ranar. Na tsohon gidanmu, wanda titi ya cinye, an rubuta ranar da ta fara tafiya.

Na ce me ya sa ba ta taɓa gaya min ba. Ta ce ta gaya min ya fi sau ɗari, ni ne nake tashi in bar mata ɗakin.

Gaskiya ne. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba yau.

Juma'a, 10 ga wata, ƙarfe uku

Na ga Manajar Jan Gida. Mace ce mai tabarau, ba ta girmi Auta da shekara goma ba, ofishinta a tsohon ɗakin ajiya ƙarƙashin matakala. Na sa rigata mai kyau. Ta ba ni kujera, kujerar tana rawa, na daure ban ce komai ba.

Ta saurare ni, har ta rubuta wani abu. Ta ce magana ce mai ban sha'awa, amma wa ya san ko bayan kisan aka taɓa ƙofar? Na ce a kwance hinjin sama a gani, sukurori huɗu ne kacal, kwanan wata na nan a ƙarƙashi. Ta ce ta ina na sani? Na ce ni kafinta ne. Ta ce kafintoci suna da yawa a garin nan.

Sannan ta faɗa min dokarsu. Ba a kwance komai a gidan, ko ƙusa, sai kwamiti ya yarda. Kwamiti kuma ba ya duba roƙon ɗan kallo. Sai dai in wani daga iyalan waɗanda abin ya shafa ne ya rubuto, da sunansa da sa hannunsa, kuma takardar tana shiga kundin gidan, duk mai so ya karanta. Ta cire tabarau ta tambaye ni ko na san wani daga iyalan.

Na ce zan bincika.

A mota na ji kamar in mari kaina. Zan bincika! Tun ina shekara tara nake ɗauke da sunan Kawu a makaranta da shago da takardar aure. Na gina suna mai kyau a kansa, babu wanda ya taɓa dawo min da aiki. Da wannan sunan aka ba ni mata, da shi aka auri 'ya'yana.

Lahadi, 12 ga wata, da safe

Cokali uku.

Litinin, 13 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na ƙare teburan makarantar nan, guda goma sha biyu, ko ɗaya ba ya rawa. Shugaban makarantar ya ce irin hannuna ya ƙare a garin nan. Na ce na sani.

Ya tambayi wanda ya koya min. Na ce kawuna.

Talata, 14 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Likita ya zo. Ya ja ni tsakar gida ya yi magana ƙasa-ƙasa. Na tambaye shi wata nawa, ya ce kada mu yi maganar wata.

Yaya ba ta tambaye ni yadda muka yi da Manaja ba. Da ta tambaya da ya fi min sauƙi. "Ja min ƙofar nan" kawai ta ce.

Laraba, 15 ga wata, ƙarfe biyar da rabi

Na kira Auta shago bayan ta tashi daga aiki. Na share mata benci, ta zauna da fararen kayanta. Na shirya magana mai tsawo tun safe, amma da na buɗe baki abin da ya fito shi ne: "Mutumin da ke jikin allon nan, mai kunnuwa irin nawa, kakanki ne."

Ba ta yi kuka ba. Ta tambayi ko shi ya yi. Na ce a'a, kuma yau ce rana ta farko da na faɗi haka da bakina. Ta tambayi inda ya rasu. Na ce a kurkuku, bayan shekara shida. Ta tambayi ko ina zuwa ganinsa.

Yaya tana zuwa duk wata, da ƙafa, da kwanon abinci. Duk zuwa sai ya tambaye ta ina Ƙarami. Ta riƙa ce masa ina makaranta.

Auta ta ce, "Abba, ka bar ni na tsaya a gaban hotonsa ina yi masa dariya."

Ta ɗauki jakarta ta fita. Ƙofar shagon ta tsaya a wangale inda ta bar ta.

Alhamis, 16 ga wata, da yamma

Ba ta kira ba.

Na ce bari in gaya wa Uwargida ita ma, a yi ta ta ƙare. Tana yankan albasa, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce Yaya ta gaya mata tun kafin a ɗaura mana aure, shekara talatin da takwas tana jira in gama shiri. Ta ce in miƙo mata gishiri.

Ashe a gidan nan ni kaɗai nake ɓoye abin da kowa ya sani.

Asabar, 18 ga wata, ƙarfe sha biyu

Auta ta zo da sassafe da takarda da biro. Ba ta gaishe ni yadda ta saba ba, amma ta zo. Ta ce in faɗa ta rubuta, rubutuna kamar tafiyar kaza. Na ce rubutuna ya gina rabin unguwar nan. Na karɓi biron.

Sau huɗu ina yagawa. Ta biyar layi shida ce. Layin farko ya ce ni ɗan kafintan ne, ɗansa na cikinsa. Na sa hannu da sunan Baba a bayan nawa. Hannun bai saba ba, sai ya fito a karkace, amma ana karantawa.

Tare muka kai. Manaja ta karanta a tsaye, ta ce tun ranar Juma'a ta gane, kunnuwan ne. Kafin mu fito na roƙe ta ta ba ni kujerar nan tata minti biyar. Yanzu ba ta rawa.

Litinin, 20 ga wata

Shiru.

Laraba, 22 ga wata, ƙarfe huɗu

Maganar ta fita. Mai shagon fenti na kusa da ni, wanda muke shan shayi tare shekara ashirin, yau ya gaishe ni daga nesa. Wata mata ta aiko a fasa mata gadon da ta ce in yi. Ta je ta samu wanda zai yi mata irinsa, ina nan ina jira.

Abin da ke cin raina daban ne. In aka kwance babu komai fa? In wannan karon bai saka ba, ko ya saka bai rubuta ba, ko fensirin ya goge? Ni ban taɓa ganin katakon nan da idona ba. Maganar Yaya ce kawai, ita kuma jiya ta kira Uwargida da sunan Inna.

Sai na tuna yadda ƙofar take tahowa. Mutumin da ya rataya ƙofar nan ba ya aikin rabi da rabi.

Juma'a, 24 ga wata, ƙarfe uku

Kwamiti ya yarda, huɗu da uku. Litinin, ranar da ba a buɗe wa 'yan kallo. Manaja ta ce za su kawo ma'aikacinsu da injin kwance sukuru. Na ce duk wanda ya kusanci ƙofar Baba da inji sai dai ya bi ta kaina. Ta ce to, in zo da kayana.

Na gaya wa Yaya. Ta ce Litinin da nisa. Na ce kwana uku ne. Ta ce to za ta duba.

Lahadi, 26 ga wata

Na wasa sukundireba uku. Cokali biyu.

Litinin, 27 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Bari in rubuta shi a jere kada in manta wani abu.

Mu shida ne a barandar: ni, Auta, Manaja, dattawa biyu na kwamiti, da Aku, wanda ba a gayyace shi ba amma ya zo, babu jan kwat. Na fara nuna musu kan sukurorin. Fenti hawa uku ne a kai, fari, kore, sannan ruwan ƙasa na asali, babu inda ya tsage. Na ce su ɗauki hoto, su shaida ba a taɓa taɓa su ba tun ranar da aka ɗaura. Suka ɗauka.

Na sa Aku ya tallafi ƙofar, tun da ya fi kowa tsawo. Na yanke fentin da wuƙa a hankali. Sukuru na farko ya fito kamar jiya aka saka shi, don Baba ya goga masa sabulu kafin ya ɗaura, har yanzu ana ganin farinsa a jiki. Nima haka nake yi, kuma ba Kawu ne ya koya min ba. Ban san inda na samo ba sai yau. A na huɗu na tsaya na share gumi. Auta ta ce in huta. Na ce ban taɓa hutawa a tsakiyar aiki ba, na ci gaba.

Na ɗaga hinjin. Yana nan. Siririn katako, tsawon ɗan yatsa, ya yi baƙi a gefe. Na zaro shi da bakin wuƙa na juya.

Kwanan watan ya fito raɗau, kwana ashirin da uku kafin kisan. A ƙasa da ƙananan baƙaƙe: "Ƙarami ya buga ƙusa ba ta lanƙwashe ba."

Ban tuna ranar ba. Na yi ta nema a kaina, ban same ta ba. Shi ya tuna, har ya kawo ta gidan mutane ya ɓoye.

Ɗaya daga dattawan ya ce a gwada ba tare da katakon ba. Na mayar da hinjin haka nan, muka buɗe ƙofar muka saki. Ta tsaya ƙyam kamar ƙofofina. Aku ne ya fara magana, ya ce to shi yanzu me zai riƙa gaya wa mutane? Na ce ya gaya musu gaskiya, ta fi fatalwa ban tsoro. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ka yafe ni. Shekara takwas ina zaginsa sau shida a rana." Na ce shi aikinsa yake yi, ni fa?

Manaja ta ce ba ta da ikon soke hukuncin kotu, wannan sai lauyoyi, kuma duk waɗanda abin ya shafa sun mutu. Amma allon nata ne. Ta sa aka sauke shi a gabana. Katakon Baba zai shiga akwatin gilashi, gefe da gefe da shaidar ƙanen Attajiri da hoton takalmin ɗan sanda, kowa ya karanta ya yi wa kansa hisabi. Na fere wani daidai kaurinsa na saka a madadinsa. Na buɗe na saki. Tara.

Daga can gida muka yi kai tsaye. Auta ta nuna wa Yaya hoton a waya, ta ƙara masa girma. Yaya ta daɗe tana kallo, ta sa yatsa a kan rubutun. Na tsaya ina jira ta ce wani abu babba.

Ta ce, "Ni ban taɓa buƙatar katako ba, Ƙarami. Kai ne mai buƙata."

Sannan ta ce tun da yanzu na iya, in gyara mata tata.

Talata, 28 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na yi ta a gabanta. Uwargida ta tayar da ita zaune da matasai uku don ta ga aikin, kuma ta gani, har da gyara. Wai Baba ba ya huci haka in yana aiki. Na ce Baba bai kai sittin da huɗu ba. Daga faɗa na yi da-na-sani, amma ita dariya ta yi.

Na fere katakon, kaurin farce biyu. Na ɗauki fensir na rubuta kwanan wata, na tsaya. Ta ce me zan sa. Na ce sirrin kafinta ne. Abin da na sa shi ne: "Yaya ta sha cokali shida." Gaskiya ne kuma, yau da safe ta sha.

Na ɗaure sukurorin, na wangale ƙofar, na ɗauke hannuna. Ta ɗan tsaya. Sannan ta taho.

Yaya ta ce in sake. Na sake sau bakwai. A na bakwai ta riga ta yi barci. Na tattara kayana na fita, ban ja komai ba, na ji ta a bayana, ƙit.

Asabar, 1 ga sabon wata, ƙarfe biyar na yamma

Yaya ta rasu shekaranjiya da hantsi, Auta na riƙe da hannunta.

Gidan cike yake da masu gaisuwa. Har Aku ya zo, da mai shagon fenti. Mata na ta shiga ɗakin baya suna fitowa, ƙofar na rufe kanta a bayan kowa. Ɗazu wani baƙo daga dangin mijinta ya tsaya yana buɗewa yana saki, yana buɗewa yana saki. Ya ce bai taɓa ganin irin wannan aiki ba, wa ya koya min?

Tsakar gidan a cike take. Na ce, "Babana. Kafintan Jan Gida."

Ya ce bai ji ba, hayaniya ta yi yawa. Na miƙe tsaye na sake faɗa.